Makulli a Jikin Ƙofa

Injiniya ya sauke Tantabara, 'yarsa mai shekara tara, a makaranta, ya wuce asibitin da aka kira shi. Ko famfon da matarsa ke ƙorafi a kai bai leƙa ba. Ya ce mata zai gyara gobe, kamar yadda ya faɗa makon jiya.

A asibitin kuwa magana ta riga ta yi wari. Sakamakon gwajin mutum ɗari uku ya fita waje, har wata baiwar Allah ta ji ciwonta a bakin surukarta. Likita mai asibitin ya rataya laifin a wuyan Mai Rajista, dattijuwar da ta shekara ashirin a kan tebur ɗaya. An buga takardar korarta, rahoton Injiniya kawai ake jira.

"Wallahi ɗana, ban ba kowa komai ba," ta ce wa Injiniya.

"Kwantar da hankalinki, Mama."

An sayo manhajar kwamfutar asibitin shekara tara da suka wuce, daga wani ƙaramin kamfani da ya daɗe da mutuwa, irin waɗanda shi ma ya yi ta yawo a cikinsu kafin ya tsaya da ƙafarsa. Bai sha wahalar nema ba, hannunsa ya kai shi kai tsaye ga mahaɗin da ke tsakanin manhajar da rumbun bayanai.

Mahaɗin yana da izinin karanta komai da goge komai. Kalmar sirri ɗaya ce tal, ba a taɓa canza ta ba, an kuma ajiye ta tsirara a fayil ɗin da kowa zai iya buɗewa. An kulle ƙofa, an bar makulli a jiki. Ya ja dogon tsaki.

"Likita, ƙyale baiwar Allahn nan. Wannan ba kuskure ba ne, ƙazanta ce. Wanda ya yi aikin nan ko rediyo bai kamata a bar shi ya taɓa ba. Sai na sa sunansa a rahoto, ko ɗan gidan uban waye."

Likita da Mai Rajista suka matso bayansa, ya buɗe fayil ɗin don ya nuna musu.

A layin farko an rubuta, "Na wucin gadi ne, zan gyara gobe," a ƙarƙashinsa kuma ga kalmar sirrin: Tantabara, da ranar da aka haife ta.