Harshe na Goma Sha Ɗaya

Karo na huɗu ke nan magajin gari yana dawo mata da takardar, kowane karo da jan biro a kanta.

Shafi ɗaya ne tal, taƙaitaccen bayanin garin da za a raba ranar Bikin Haɗin Kai: mutum dubu arba'in da ɗoriya, gada ɗaya, asibiti ɗaya, masana'antar siminti da ta jawo baƙi daga ko'ina, harsuna goma sha ɗaya. Ita ce jami'ar yaɗa labarai, ita ta tsara shi. A gaban harshe na ƙarshe, na mutanen tsauni da suka sauko aikin masana'anta tun ba a haife ta ba, ta rubuta: masu jin sa, biyu.

A nan idon magajin gari ya tsaya.

"Biyu? Ai su ne bikin ma. Ki kawo min su kan dandamali su gaisa da harshensu."

"Ranka ya daɗe, shekara ashirin da shida ba sa ga maciji da juna."

"To sai ki sa su gani. In ya fi ƙarfinki, akwai masu jiran kujerar."

Saura kwana tara. Ga masunta sun ce ba za su zauna bayan direbobi ba, ga mai buga takardu ya juya sunan wata unguwa, mutanenta suna ta zirga-zirga ofis. Duk wannan bai dame ta ba kamar tsofaffin nan biyu.

Ta fara da tsohon. Mai gyaran agogo ne, shagonsa na ƙarƙashin wani bene a bakin gada, bai fi faɗin tabarma ba. Ta ɗage kwalin da ke kan kujerar ciki ta zauna. Bai ɗago ba, gilashin aiki na maƙale a idonsa.

"Baba, minti biyu ne kawai. Gaisuwa, shi ke nan."

"Ita ta aiko ki?"

"Ofis ne."

"To ofis ya gaisa da ita."

Tsohuwar kuwa tana can ɗaya ƙarshen garin, bayan asibitin da ta yi shekara talatin tana wanke zanen gado. Ta saurari bayanin har ƙarshe tana zare tsumma, sannan ta ce, "Harshen da aka mai da abin dariya, yau shi za a yi ado da shi?"

Kowa ya san yadda abin ya kasance. A makarantar garin, in ana so yaro ya yi kuka, sai a kwaikwayi maganar mutanen tsauni. Da haka 'ya'yansu suka haɗiye harshen ɗaya bayan ɗaya, wasu ma har sunan gida suka canza a takarda.

Kwana shida jami'ar tana safa da marwa tsakanin gada da asibiti. Tsoho ya ce in tsohuwa ta fara magana zai amsa. Tsohuwa ta ce shi ya fara yin shiru, shi zai fara buɗe baki. Ya ce ba zai tsaya a hagunta ba. Ta ce ba za ta hau mota ɗaya da shi ba. Magajin gari kuwa har ya sanar a rediyo cewa bana za a ji abin da ba a taɓa ji ba.

Rana ta bakwai haƙurinta ya ƙare. Tana tsaye a ƙofar tsohuwar, takalminta ya tsinke, ta ce, "Shekara goma sha biyu na yi ina rarrafe kafin na samu kujerar nan. Ranar Litinin za a ba wani. Ku riƙe gabarku, Inna, Allah ya ba ku lada."

Haka ta je ta faɗa wa tsohon, kalma da kalma. Ba ta jira amsar kowa ba.

Ranar bikin filin ƙwallo ya cika. Unguwanni suka wuce da tutocinsu, kowane harshe ya yi gaisuwarsa. Da aka kira na goma sha ɗaya, jami'ar tana bayan dandamali da ragowar takardu a hannu, ta sunkuyar da kai. Sai ta ji filin ya yi tsit.

Sun zo. Shi ta matattakalar dama, ita ta hagu, kowa riƙe da takardar bayanin da aka raba a ƙofa.

Tsohon ya matso kusa da makirfo. Ya yi gajeriyar magana, ƙarshenta ya ɗaga kamar tambaya. Tsohuwar ta dubi takardar da ke hannunta. Sannan ta ɗan waiga bayan dandamali, ta amsa da kalmomi kaɗan, a hankali.

Filin ya ɗauki tafi. Mata suna share hawaye. Magajin gari ya sunkuyo wajen jami'ar yana murmushi. "Allah kaɗai ya san abin da suka ce, amma ya ratsa jiki. Kujerarki ta zauna."

Ba ta tafa ba, ba ta kuma yi godiya ba.

Abin da mahaifinta ya ce a makirfon shi ne, "Kin ga 'yarki ta rubuta mu biyu muka rage?" Mahaifiyarta kuma ta ce, "Rage murya. Tana jin mu."