Kiran Mai Fito

Tun da aka tashi unguwar masunta, aka shimfiɗe bakin kogin Yawuri da gilashi, kowane gida ya samu benci guda a wurin, mai na'urar riƙe murya ɗaya tak.

"Gwaggo, faɗi tarihin gidanku," in ji ma'aikaciyar ɗaukar murya.

Gwaggo Lantana ta kara hannu a baki, ta ƙwala kira: "Mai fitooo!"

"Haba Gwaggo, wannan ai ba tarihi ba ne."

"Shi na sani, 'yar nan."

Da hantsi bencin ya maimaita kiran bisa ruwan da ya shekara ashirin bai ga kwale-kwale ba. Can tsallake, bencin gidan surukanta ya amsa da muryar mijinta, marigayi Tanko mai fito: "Ga ni nan tafe!"

Gwaggo ta gyara mayafi, ta zauna jira.