Wata Shida Babu Ƙorafi

Ana tsaka da tafa wa babban injiniya ne abokiyar aikinsa ta juyo masa da fuskar kwamfutarta.

Manaja na tsaye yana zuba yabo. Wata shida cur, manhajar da ke lura da sanyin firijin ajiyar magunguna ba ta kawo rahoton matsala ko ɗaya ba.

"Yallaɓai, dubi makiron nan naka," ta ce ƙasa-ƙasa.

Ya san shi sarai, shi ya rubuta shi. Gajeren umarni ne a cikin manhajar, mai ɗigo uku a ƙarshe, mai karɓar bayanai komai yawansu, lambar firiji, zafi, lokaci, ya miƙa su ga sashen da ke buga ƙararrawa.

"Ai ba abin da ba ya karɓa," ya ce yana murmushi.

"Yana karɓa kam. To, wa yake miƙa wa?"

Ya bi layin da ido. Bayan ɗigo ukun fili ne fetal. Sai ya tuna ranar gwaji, da saƙonnin ƙararrawa suka ishe shi ya goge rabin layin, da niyyar mayarwa bayan cin abinci. Tun daga ranar, duk kukan da firiji ya yi, makiron ya karɓa cikin ladabi ya haɗiye.

Ya yunƙura zai yi magana, manaja ya dafa kafaɗarsa.

"Zauna, injiniya, ban gama ba. Albarkacin aikinka, tun watan jiya na sallami masu zagayen duba firijin da hannu. Me kuma za su yi mana?"