Saura Gwaji Ɗaya

Atishawa ta ƙwace mata daidai lokacin da likita ya haska fitila cikin hancinta. Wata ta biyo, wata ta sake biyowa. Da safe a Samaru mahaifiyarta ta turare mata hijabi da turaren wuta, wai 'yarta ba za ta je gwajin lafiyar matuƙan jirgi ba ƙamshi ba.

"Tun yaushe hancin ke miki haka?" in ji likita.

"Yau ne kawai."

"Kina shan wani magani?"

"A'a."

Ta faɗa ba ta ji komai a ranta ba. Tun jiya jikinta yake kamar na aro, tun da ta kurɓi ruwan maganin da wani mai kemis a unguwar PZ ya zaro daga ƙarƙashin kantar shagonsa, ya ce yana busar da majina.

Likita ya yi murmushi. "'Yata, matuƙa nawa ke tashi da hanci irin naki? Maganin feshi zan rubuta miki, shi ke nan. Abin da ke sauke mutum ƙasa shi ne maganin mura mai bugarwa, da kuma ɓoye shi."

Ya sa hannu. Ta dubi takardar kamar ta wata ce.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata mata da safar roba a hannu ta shigo, ta miƙa mata 'yar kwalba.

"Ke ce ta ƙarshe? Taso, ƙanwata. Saura fitsari."