Muryar Baya a Cikin Amshi

Muna cikin mota a hanyar Summerfield labarin rasuwar wani mawaƙi ya shigo wayar Baba. Ya yi salati, ya ce in gangara gefen titi.

"Sa mini waƙarsa."

Na dube shi. Tun tasowata ban taɓa jin kiɗa a gidanmu ba.

Kalangu ya tashi. Marigayin ya ja baiti, 'yan amshi suka karɓe, Baba ya karɓe tare da su.

"Baba, ashe ka iya?"

"Kin ji siririyar muryar can ta baya? Ni ne. Shekara tara ina masa amshi, na taho ko sallama ban yi masa ba."

Marigayin ya sake jan baiti. Baba ya buɗe baki, murya ta ƙi fita. Saurayin nan mai siririyar murya a cikin waƙar ya amsa masa.