Rudu Biyu

Da aka yaye ciyawar rudun farko, rumbun ajiyar albasa, wari ya kori mutane baya. Albasar da aka ajiye ciki wata biyar ta narke, baƙin ruwa na ɗiga ƙasa.

"Mi munka ce maka?" in ji abokin wasan tsohon mai albasar, yana toshe hanci. "Shekara arba'in kana noma Aliero, ka bari ɗiya mai difloma ta koya maka albasa!"

Tsohon shi ya san yadda aka yi. Da ɗiyarsa ta dawo da diflomar aikin gona, ya raba gonar biyu. Ita ta rage taki, ta yanke ban ruwa mako biyu kafin cira, ta bar lawashi ya bushe a wuyan albasa. Shi kuwa ya yi ta zuba taki da ruwa don a ga manya.

Ya dube ta. Ta sunkuyar da kai.

"A yi haƙuri, Baba," ta ce. "Baɗi sai in gyara."

Asirinsa take rufawa a gaban sa'o'insa, kuma babu mai ƙaryata ta sai shi.

Ya taka zuwa rudu na biyu, ya yaye ciyawar da hannunsa. Albasa ja, busasshiya, ɓawonta na ƙara. Ya ɗaga guda ɗaya sama.

"Wagga ita at tata. Ruɓaɓɓar can tawa ta. Mai tambaya ga Malama nan, amma ya bi layi bayana."