Sa Hannun Nicanor

"Jabu ce, Mama," in ji Wilkin, mai shagon kayan tarihin wasan besbol. Ya turo mata ƙwallon da ta kawo sayarwa, mai ɗauke da sa hannun mijinta.

Doña Eduviges ta dafa tebur. Kwana uku ke nan gawar mijinta Nicanor na kwance a wani asibiti a unguwar Bronx, babu kuɗin mayar da shi ƙasarsu, garin San Pedro.

"Ɗana, a gabana mijina ya sa hannun nan," ta ce.

"Kowa haka yake cewa. Dubi fa, kamar kaza ta yi tono!" Ya ɗauko wata ƙwallo a cikin gilashi. "Ga hannun Nicanor Ozoria na gaske. Dala dubu biyar."

Ta daɗe tana kallon rubutun. Nata ne. Duk shekarun da ya yi yana tashe a filin besbol, ita ke sa masa hannu a ɓoye, don bai taɓa shiga aji ba. Sai a gadon jinya ya roƙe ta ta koya masa, ya rubuta sunansa sau ɗaya tak a kan ƙwallon da ta kawo, saboda ita.

Ta mayar da ƙwallonta jaka. A gida akwai tsofaffin ƙwallayensa kwali guda.

"Gobe zan kawo maka na gasken," ta ce.

A hanya ta tsaya ta sayi biro.